Ranar da Surukina Ya Ƙi Ɗaga Sanda

Surukina mai gadi ne a kamfanin da nake tuƙi, kuma in kana son ka hana mutum sakewa a wurin aiki, to ka ajiye masa uban matarsa a bakin ƙofa. Shekara shida ke nan kullum sai na wuce ta gabansa sau huɗu da bas ɗin ma'aikata. Kullum sai na gyara zama, na rage rediyo, na gaishe shi ta taga. Shi kuwa ba fuskata yake kallo ba. Kansa yake karkatarwa, kunnensa na dama na fuskantar tayar gaba, sai ya gama sauraro sannan ya amsa gaisuwata.

Kamfaninmu bokitai da kujerun roba yake yi. A kan tudu aka gina shi, don haka daga rumfar da muke ajiye motoci zuwa ƙofa gangara ce, taku kamar tamanin. A ƙarshenta akwai sandar ƙarfe mai fenti ja da fari, wadda ake ɗagawa da igiya ana kuma ɗaure ta da kwaɗo. Gefe ga ɗan ɗakin mai gadi, da benci mai ƙafa ɗaya gajera, da butar shayi. Duk motar da za ta fita dole ta taka birki a nan, ƙarama ce ko babba, ta baƙo ce ko ta gida.

Kafin gadi, Baba shekara ashirin da bakwai ya yi yana jan babbar mota, kuma ko akuya bai taɓa kaɗewa ba. Wannan ba daga bakinsa na ji ba, tsofaffin abokan aikinsa ne suka gaya mini. Sai idonsa na hagu ya fara hazo. Babu wanda ya sani, babu wanda ya kore shi. Wata rana a wata mahaɗa bai ga mai keke ba sai da ya ji ƙararrawarsa a gindin taya. Ya tsaya lafiya, mai keken ma ya wuce bai san abin da ya tsallake ba. Amma Baba ya kai motar inda aka aike shi, ya dawo da ita, ya share kujerar da hannunsa, ya je ya ajiye makulli a gaban mai motar.

'Ya'yansa maza suka ce ya huta, su za su riƙe gida. Wata uku ya yi yana hutun nan, ya rame, ya daina hira. Matata ta ce a lokacin sai ya fito da kujera ƙofar gida ya rufe ido, duk motar da ta wuce ya faɗi irinta da abin da ke damunta, babu mai tambayarsa. Da aka ce ana neman mai gadi a kamfaninmu, da ƙafa ya tako ya zo. Mutane na ɗauka aikin gadi faɗuwa ce ga tsohon direba. Shi a wurinsa ƙofar nan ita ce abin da ya rage masa na hanya, kuma duk gidan mun san in aka raba shi da ita, kujerar nan ta ƙofar gida zai koma.

Abin da ya sani game da birki ba shi da wuyar faɗa. A kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita, sai fatar birki guda biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, masu matse faifan idan ka taka. Fatar don ta cinye aka yi ta, kamar ƙasan takalmi. Kowane direba ya san wannan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne muryarta. Baba yakan ce kukan da birki ke yi da sassafe, bayan mota ta kwana a raɓa, ba komai ba ne, 'yar tsatsa ce, taku uku ta goge. Siririn fito da ke fita duk sanda aka taka, wannan fata ce ta yi nisa tana neman canji. In kuwa ka ji gurnani ƙasa-ƙasa, har kana jin sa a haƙoranka, to fata ta ƙare, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, faifan ma ka yi masa bankwana. Yana da wasu dabarun. Yakan kai bayan hannunsa kusa da wili, wato ƙarfen tsakiyar taya, ya ji wanne ya fi ɗan'uwansa zafi, yakan duba wace taya ce ta fi baƙar ƙura. Amma waɗannan duk shaidu ne yake tarawa bayan kunne ya riga ya yanke hukunci.

Da a cikinsa yake barin abin da ya ji, da babu rigima. Ina! Baba ba ya iya jin birki na kuka ya yi shiru. Sai ya leƙo taga ya ce, "Ɗana, fatarka ta hagu saura mako biyu." Wasu su gode, wasu su yi dariya, wasu su ɗaga gilashi. Ma'aikata suka sa masa suna Baba Ƙii-ƙii. In sun hango shi sai wani ya yi ƙarar birki da baki, shi kuma ko a jikinsa, har yakan gyara wa mutum: "Wannan da ka yi ta tsatsa ce, ba ta da haɗari."

Manajanmu matashi ne, ba mugu ba, amma agogo ne ke mulkinsa. Komai a wurinsa minti biyar ne, daga loda mota har zuwa jinyar zazzaɓi. Wata rana wani babban mai sayen kaya ya zo, zai fita Baba ya tsayar da shi, ya zagaya motarsa yana shinshina wili, ya yi masa lacca ta kusan minti goma sha biyar. Mutumin ya kira Manaja a waya yana tambaya ko kamfanin ya koma gareji ne. Da yammar nan Manaja ya sauko da kansa har ƙofa, a gaban kowa, ya ce, "Baba, aikinka ɗaga sanda ne da sauke sanda. Ka ƙara tsayar da wata mota saboda birki, ranar za ka ajiye mini hula da makulli." Baba ya ce, "Na ji, Yallaɓai." Ni da ke cikin bas ina kallo, na ji kunya, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗi kaɗan, don na zaci yanzu zan huta.

Wata biyu ya yi yana cije baki. Ka ga mota ta zo tana fito, ka ga ya runtse ido kamar an taka masa yatsa, ya ja igiya ya ɗaga sanda. Sai ga shi abin ya faɗo kan bas ɗina.

Wata ranar Litinin na sauko gangara na taka, na tsaya, na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya matso dab da taga ya rage murya, don kada na baya su ji.

"Direba, tayarka ta dama tana magana."

"To, Baba. Za a duba."

Kuma na duba ɗin, kada a zalunce ni. Na kira bakaniken kamfani, abokina, mai ƙaton tumbi da son barci bayan azahar. Muka yi abin da duk direbobi da makanikai masu sauri ke yi, wato muka durƙusa, ya kunna fitilar waya, muka leƙa ta ramukan wili. Ga fata nan ƙatuwa, kaurinta ya kai babban yatsana. Faifan kuma sumul, yana ƙyalli. Bakanike ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Wata huɗu da na sa ta da hannuna. Ka gaya wa surukinka ya je a wanke masa kunne." Muka yi dariya, na koma na ƙure rediyo.

Kwana biyu bayan haka ina cin abinci a gida, matata ta zauna a gabana ta zuba mini ido. Na san wannan zaman.

"Baba ya biyo ɗazu," in ji ta. "Ya ce in tambaye ka, kunnenka ne ya toshe ko rediyon ne ya yi yawa?"

Na ajiye cokali. "An duba motar nan. Da idona na ga fatar. Ki gaya masa ni ba jiya na fara tuƙi ba."

"Ni zan gaya masa? Kai da kake wucewa ta gabansa sau huɗu a rana?"

"Kin san ba zan iya ba."

"To ni ma ba zan iya ba. Amma tun ina ƙarama ban taɓa jin ya ce mota na ciwo aka buɗe aka same ta lafiya ba. Ka ci abincinka."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya ɓata shi ba maganarta ba ce. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kusan mako biyu ke nan in na taka birki da ƙarfi ina jin yana ɗan bugun tafin ƙafata, sitiyari kuma na ɗan karkarwa. Na ce wa kaina ai hanya ce ba kyau. Na ga fata da idona, kuma ba na son tsohon nan ya fi ni gaskiya a kan motar da ni ke tuƙa ta.

Ranar Alhamis da hantsi aka shirya kai ma'aikata ashirin da shida sabon ma'ajin kaya da kamfani ya buɗe a wani gari, bayan duwatsu. Duk direba ya san hanyar. Akwai wata doguwar gangara mai lanƙwasa bakwai, wadda ake saukowa da giya ta biyu, ƙafa a kan birki, baki yana addu'a. Manaja ya shigo ya zauna a kujerar gaba kusa da ni, yana duba agogo, don manyan kamfani na jiransa a can. Na tayar, na sauko gangarar gida da cikakken lodi, na taka, na tsaya a gaban sanda.

Sanda ba ta ɗagu ba.

Baba na tsaye, igiya a hannunsa, kansa a karkace. Sai na ga ya saki igiyar. Ya sunkuya ya datse kwaɗon sandar, ya zare makulli ya jefa a aljihun rigarsa.

Manaja ya leƙa ta taga. "Baba, lafiya? Ɗaga mana."

"Yallaɓai, motar nan ba za ta sauka gangarar can da mutane ba."

"Ka tuna abin da na gaya maka?"

"Na tuna, Yallaɓai. Kalma-kalma."

Cikin bas aka fara hayaniya. Wani daga baya ya yi ƙii-ƙii da baki, aka fashe da dariya. Wata mata daga sashen shirya kaya ta ce, "Baba, ka rufa wa kanka asiri ka ɗaga sandar nan mana!" Manaja ya buɗe ƙofa ya sauka, fuska a ɗaure. Ni ma na sauko, ban san inda zan sa idona ba.

"Direba," in ji Manaja, "an duba birkin nan ko ba a duba ba?"

"An duba, Yallaɓai. Ranar Litinin."

"Baba, ka ji. Surukinka ne ma ya faɗa, ba wani ba."

Baba bai kalle ni ba. Ya cire hular gadinsa ya ɗora a kan bencin, ya ce, "A cire tayar dama. In na yi ƙarya, ga hula nan, makulli kuma yana aljihuna, ba sai ka sake faɗa ba. Ai ka ce komai minti biyar ne, Yallaɓai."

Aka sake dariya, wannan karon har da Manaja ya kusa murmusawa, amma ya danne. Ya duba agogo, ya dubi mutanen da suka fara saukowa kallo, ya ga hanya mafi sauri ita ce a kunyata tsohon a wuce wurin. Ya ce a kira bakanike.

Bakanike ya zo yana jan jak, yana ƙunƙuni. Aka sauke kowa, aka sa duwatsu a tayoyin baya, aka ɗaga motar. Ya kwance notuka, ya ciro taya ya jingine ta. Kowa ya matso. Ga fatar waje nan ƙatuwa kamar yadda muka gan ta, ga fuskar faifai tana ƙyalli har kana ganin inuwarka. Bakanike ya buga fatar da sufana, ya juyo yana washe baki.

"Yallaɓai, wannan ko shekara za ta ƙara."

Masu dariyar ma suka daina, don yanzu kowa ya gane abin ba wasa ba ne, mutum ne zai rasa aikinsa a gabansu. Manaja ya miƙa hannu, tafinsa a buɗe. Baba ya dubi faifan, ya daɗe yana dubawa da idonsa mai kyau. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ya ɗora masa.

"Na cika alkawari," in ji shi. "Amma Yallaɓai, waje kuka duba. Abin da na ji ba daga waje yake ba."

"Baba, ya isa. Bakanike, mayar da taya."

A nan ne na ga kujerar nan ta ƙofar gida, da tsoho a kanta ido rufe yana kiran sunayen motoci. Na kuma ga lanƙwasa ta biyar a gangarar can, wadda babu komai a gefenta sai iska. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Bakina ya buɗe kafin in gama shawara.

"Yallaɓai, a dakata."

Kowa ya juyo.

"Mako biyu ke nan birkin na bugun ƙafata. Sitiyari ma yana rawa in na taka da ƙarfi. Ban faɗa wa kowa ba."

Manaja ya yi mini wani kallo da har yau in na tuna sai in ji zafi a kunnena. Bakanike ya ce, "Haba, kai kuwa!" Baba kuwa sai ya tattare rigarsa ya durƙusa a gaban motar, da ƙyar, don gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya. Ya fara kai bayan hannu ya ji zafin, sannan ya zura yatsu biyu ta bayan faifan, inda ido ba ya kaiwa, ya shafa a hankali. Da ya ciro hannun sai ya ɗaga shi sama. Yatsun sun yi baƙi, suna walƙiya da garin ƙarfe, ga ɗan jini a kan ɗaya.

"Ɗana," ya ce wa bakanike, "kwance notukan nan biyu na baya, ka ɗago abin da ke riƙe fatun."

Bakanike bai jira izinin kowa ba. Noti na farko ya fita. Na biyu ya cije, sai da ya hau sufana da duk tumbinsa. Da ya ɗago ƙarfen, wani abu ya zame ya faɗi a kan siminti, ya yi ƙara ƙal, ya gangara har gaban takalmin Manaja.

Fatar ciki ce, ko in ce inda fatar ciki ta taɓa zama. Babu ko ɓurɓushin fata a jikinta. Ƙarfen bayan ne kawai ya rage, shi ma ya cinye ya zama siriri, zafi ya mayar da shi shuɗi. Bakanike ya juya faifan ya haska bayansa. Duk ya yi kwari-kwari kamar an ja masa manjagara, ga wata tsaga siririya ta taso daga tsakiya ta kusa kai baki. Ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai.

Baba ya nuna masa wata doguwar ƙusa da ta yi tsatsa. "Wannan ya kamata ta riƙa zamewa, don fatun biyu su raba aiki. Ranar da ka sa sababbi ba ka shafa mata giris ba, sai ta cije. Ta waje ta zauna tana hutawa, ta ciki ita kaɗai take tsayar da mutum talatin kullum. Ku kuma kuna leƙowa ta wili kuna gaishe da mai hutun."

Matar nan ta sashen shirya kaya ce ta fara salati. Sai wurin ya ɓarke. Wanda ya yi ƙii-ƙii ɗazu shi ne ya fara tafi, ya ruga ya ɗago Baba daga durƙuson, wasu na kakkaɓe masa riga, wata ta kawo ruwa tana wanke masa yatsa. Ni ina tsaye kamar an dasa ni, idona ya cika da ƙwalla, kuma ban damu da wanda ya gani ba. Daɗi ne ya cika ni, wallahi, ko da yake ni ne aka kayar.

Manaja ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen nan, ya juya shi a hannu. Ya tambayi bakanike, murya ƙasa, "Da mun tafi fa?"

"Yallaɓai, faifan nan in ya yi zafi a doguwar gangara..." Bai ƙarasa ba, ya girgiza kai.

Manaja ya daɗe bai duba agogo ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya taka zuwa benci ya ɗauko hular, ya kaɗe ta, ya kawo wa Baba da hannu biyu, makullin a cikinta.

"Baba, ka yafe mini."

"Babu komai, Yallaɓai. Aikinka sauri ne, kuma kana yin sa."

"Daga yau duk motar kamfanin nan da ka ce ba za ta fita ba, ba za ta fita ba. Har tawa."

"Taka fatar baya ce, saura kamar wata guda," in ji Baba yana sa hula. "Tun tuni nake son in gaya maka."

Dariyar da aka yi a wurin har masu aiki a cikin kamfani sai da suka leƙo.

Aka kira manya a waya aka ɗage tafiya zuwa la'asar. Aka aika aka sayo faifai biyu da fatu huɗu, don Baba ya ce ba a canja gefe ɗaya a bar ɗaya, kuma ba a ɗora sabuwar fata a kan faifan da ya yi kwari, cinye ta zai yi. Ya zauna a kan taya yana kallon bakanike, har sai da ya ga giris a kan kowace ƙusa. Ni na yi ta miƙa sufana, ban yarda mun haɗa ido ba.

Da aka gama aka mayar da bas ɗin rumfa, saman gangara, don a gwada. Na nufi ƙofar direba, sai Manaja ya riƙe hannuna. Ya juya wajen Baba.

"Kai ka ji ciwon, kai za ka gwada maganin. Cikin gida ne, babu kowa a gaba."

Fiye da shekara shida rabon Baba da sitiyari. Ya goge tafin hannunsa a riga, ya sake gogewa, sannan ya kama ƙofa ya hau. Na zagaya na zauna a gefensa. Ya gyara kujera, ya taɓa madubi ko da yake babu abin da zai duba a baya. Ya matsa birki sau uku a tsaye har ya ji ya yi tauri. Kafin ya murɗa makulli ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

Muka sauko gangarar a hankali, ma'aikata sun jeru gefe biyu. Kansa ya karkace kamar kullum, sai dai yau daga ciki yake sauraro. Sanda ta matso, ta matso, har na fara dafa gaban mota. Sai na ji bas ɗin ya lafa, ba karkarwa, ba fito, ba gurnani, ya tsaya cak. Na leƙa. Tsakanin hancin motar da sandar bai fi tafin hannu ba.

Waje aka ɗauki ihu da tafi. Shi bai motsa ba, hannayensa biyu na kan sitiyari, yana kallon gaba. Na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi na ce, "Baba, na yi kuskure. Ka yi haƙuri."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni, karo na farko a ranar.

"Kuskuren ai kowa na yi. Amma ka faɗa a gaban mutane, lokacin da shiru ya fi maka sauƙi. Na gode, ɗana."

Shekara shida yana kirana Direba.

Ya ciro makullin kwaɗo ya miƙa mini. "To, sauka ka ɗaga mini sandar mana. Ko so kake in tsaya a nan har dare?"

Na sauka da gudu na buɗe kwaɗon, na kama igiyar da hannu biyu na ja. Surukina ya sa giya ya wuce ta ƙarƙashinta, ya fita tsawon mota ɗaya, ya taka birki ya tsaya shiru a bakin hanya.